Tsohuwar bindiga da maƙerar da aka rufe

 

Maganarmu ta wannan wata a kan bindigar soja take. Wani zai ce ina ruwan mai galma da bindiga? Da ruwansa. Da wuya ka samu garin da ba shi da ɗa ko ƙane cikin soja, kuma bindigar da ke kafaɗarsa da kuɗin lanho aka saye ta. Ga tambayar: in sojan ƙasa ya daɗe da irin bindiga guda, shekara 30 ko 40, a canza masa ita, ko a bar shi da wadda hannunsa ya saba? Za mu dubi ƙasar Faransa, don can an yi wannan gardama har an yanke ta.

A Faransa akwai wani gari da ake kira Santetiyen. Garin maƙera ne. A shekara ta 1764 aka kafa babbar maƙerar bindigogi ta sarki a can. Tsofaffin sojanmu da Faransa ta kai yaƙi Indoshin da Aljeriya sun san aikinta. Ita ta ƙera MAS 36, mai cin harsashi 5, wadda in ka harba sai ka ja ƙarfe da hannu kafin ka sake harbi. Bayanta aka yi MAS 49/56 mai cin harsashi 10. A 1978 sojan Faransa ya karɓi sabuwa, sunanta FAMAS, ita ma daga wannan maƙera.

FAMAS gajera ce, tsawonta santimita 76. Tana cin harsashi 25, kuma gidan harsashinta yana bayan hannun mai harbi, kusa da kafaɗa. Saboda siffarta aka laƙaba mata suna ƙahon busa. An ƙera wajen 400,000. An kai ta Chadi a 1983, an kai ta Afganistan, an kai ta Mali a 2013. Ba raguwa ba ce.

To, me ya sa aka ajiye ta? Kada mu ce tsufa. Ku dubi kalashinikof da kuke gani wurin sojojinmu. A 1947 aka fito da ita a Rasha, ta girmi FAMAS da shekara 31, amma har yau ana yaƙi da ita ko ina. Ƙasashe da yawa suna ƙera ta, Rasha da Sin da Bulgeriya da Rumaniya da wasunsu. Harsashinta da kayan gyaranta ba su da wuyar samu.

Abin da ya ci FAMAS daban ne. Bayan 1991, da Tarayyar Sobiyet ta watse, shugabannin Faransa suka ga kamar babban yaƙi ya wuce. Suka rage soja, suka rage sayen makamai. A 1999 suka daina yin harsashin bindigar soja a ƙasarsu. A 2001 suka rufe maƙerar Santetiyen. Bindiga ta zama marainiya.

Ƙarfe kuwa yana gajiya. Bututun bindiga yana cinyewa ta ciki in ya sha harbi dubbai, har harsashi ya daina zuwa inda aka auna. Ƙananan ƙarafan cikinta suna karyewa. Wa zai ƙera wasu? Mun san irin wannan ciwo. Sau nawa famfon rijiyar gari ya tsaya wata da watanni, don an rasa wani ɗan ƙarfe ko ƴar roba da ba ta kai tafin hannu ba, mata suka koma guga? Galmar shanu kuwa, in bakinta ya cinye, maƙerin kasuwa zai bugo maka wani kafin la'asar.

Sai kuma maganar harsashi, ita ta fi ban tsoro. FAMAS tana da tsirfa. Harsashin da aka yi mata tun farko kwansonsa na baƙin ƙarfe ne. Na sauran ƙasashen ƙawancen OTAN yawanci na tagulla ne, ya fi laushi. In an harba, FAMAS tana fizgo kwanson da sauri da ƙarfi, na tagulla kuwa yana iya tsagewa ya maƙale. Da Faransa ta koma sayen harsashi daga waje, wani da aka sayo bai dace da bindigar ba. Gidan harsashinta ma bai shiga bindigogin abokan ƙawance. Ke nan in harsashi ya ƙare wa sojan Faransa a fagen fama, ba zai iya miƙa hannu ya amshi gidan harsashin na kusa da shi ya ɗora ba, in ba ɗan ƙasarsu ba ne.

Da haka aka buɗe ciniki. Kamfanoni 5 suka kawo bindigoginsu aka gwada, daga Jamus da Beljiyam da Italiya da wasu ƙasashe, babu ta Faransa ko guda. A watan Satumba 2016 aka zaɓi HK416 ta kamfanin Heckler & Koch na Jamus. Tana cin harsashi 30, gidan harsashinta irin na OTAN ne, kuma ba baƙuwa ba ce, don sojan Norwai ya riga ya yi shekaru yana aiki da ita. Aka fara kawowa a 2017. An tsara a kawo 117,000 sannu sannu har 2028, tsohuwa na fita sabuwa na shiga.

Wannan sannu sannun na yaba masu. Amurka ta yi gaggawa ta sha wuya. A yaƙin Biyetnam, wajen 1965 zuwa 1967, ta raba wa sojanta sabuwar bindiga M16. Aka canza albarushin da ke cikin harsashi, ya fi na farko barin dauɗa. Sojoji da yawa ba a ba su kayan sharar bindiga ba. Bindigogi suka riƙa cijewa ana tsakiyar faɗa, samari suka mutu da su a hannu, har majalisar ƙasar ta yi bincike a 1967. Da aka gyara, bindigar ta zama ta kirki. Amma gyaran bai tada wanda ya mutu ba.

Ni a ganina Faransa ba ta yi laifi ba da ta canza bindiga a 2016. Ba ta da wata hanya. Ba a tura ɗan mutum daji da bindigar da ba ta da maƙeri. Laifin can baya yake, 1999 da 2001. Ku duba dai, Jamus da ta ci Faransa da yaƙi a 1940, wadda aka kwashi kakanninmu don a kore ta, yau ita ke ƙera wa sojan Faransa bindiga. Sun yi sulhu tuni, sun zama abokai, madalla. Duk da haka manya sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Waɗanda suka rufe maƙerar suna da tasu hujja, kuma mu ji ta. Bindiga tana shekara 30 tana aiki. In ka gama ƙera wa sojanka, me maƙera za su yi sauran shekarun, in ba ka samu masu saye a waje ba? FAMAS kuwa ba ta samu kasuwa ba, sai ƙasashe kaɗan, kamar Sanagal da Gabon da Jibuti. Biyan ma'aikata suna zaune kuɗi ne mai yawa. Wannan na yarda da rabinsa. Amma harsashi ba haka yake ba. Kullum ana ƙona shi, ko ba a yaƙi, don soja sai ya koyi harbi. Kamar dusa ce ga mai kiwo, wanda ya dogara ga ta kasuwa kaɗai ya san abin da bazara ke yi masa. Su kansu sun gane, don a 2017 ministan tsaronsu na lokacin, Jean-Yves Le Drian, ya yi shelar za a sake kafa gidan yin harsashi a Faransa. Ba a daɗe ba wannan shiri ya sha ruwa. Da yaƙin Ukren ya tashi a 2022, ƙasashen Turai suka tarar rumbunansu na harsasai, musamman na manyan bindigogi, ba su kai yadda suke zato ba, kowa na neman na kansa.

Muna roƙon tsofaffin soja na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka riƙe MAS 36 ko MAS 49/56, su rubuto mana yadda suka ji ranar da aka amshe ta hannunsu aka ba su wata. Wanda bai iya rubutu ba tukuna, ya sa ɗalibin makarantar yaƙi da jahilci ta garinsu ya rubuta masa, a ba malami ya aiko.