WA ZAI TSAYA WA MATAR DA TA YI NISA DA GIDA?

A unguwannin Hausawa da ke kudancin ƙasar nan, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabon Badun da na Shagamu, akwai wata cuta wadda kowa ya san da ita amma ba a cika ambatonta ba, watau dukan da waɗansu mazaje suke yi wa matansu. Gidajen haya ne masu ɗakuna a jere, bango ɗaya ne tsakanin maƙwabci da maƙwabci, saboda haka babu kukan da yake ɓoyuwa. Amma gari na wayewa sai kowa ya kama harkarsa, a ce wai tsakanin miji da mata sai Allah.

Al'amarin kuwa ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan Nijeriya da suka taɓa aure sun sha duka, ko tilastawa, ko wulaƙanci daga mazajensu. Fiye da rabin matan da aka ci wa zarafi ba su nemi taimako ba, ba su kuma gaya wa kowa ba.

Halin da matar da aka kawo kudu take ciki ya fi tsanani. Can gida, idan abu ya kai maƙura, mace takan yi yaji zuwa gidan iyayenta, waliyyinta ya kira miji, dattawa su yi bincike kafin a yi biko. A nan kuwa akwai tafiyar wajen kilomita 1,000 tsakaninta da Kano. Ba ta da kuɗin mota, sau da yawa ba ta jin Yarabanci ko Turanci, ba ta ma san hanyar caji ofis ba. Azzalumin miji ya san da wannan, shi ya sa yake sakin hannu.

Masu fakewa da addini ba su da madafa. Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa dukan mace ba, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali yana da ikon raba aure idan cutarwa ta tabbata. Masu fakewa da doka su ma sai su sake lale. Gaskiya ne sashe na 55 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa cikin 1960, ya bar wa miji kafar yi wa matarsa horo muddin bai yi mata mummunan rauni ba. To, wannan doka ba ta aiki a jihohin kudu. Tun 2007 Jihar Ikko ta kafa dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida, wadda ta ba kotu ikon kafa wa mai duka sharaɗi, kuma a 2021 ta kafa hukuma ta musamman domin karɓar irin waɗannan ƙararraki. Har wa yau, dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin bil Adama, wadda jihohi da dama suka yi tasu bisa tsarinta, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa.

Waɗansu dattawa suna ganin kai magana gaban hukuma tonon asiri ne a garin mutane. Ana fahimtar wannan fargaba, domin baƙo yana son zama da mutuncinsa. Amma wane tonon asiri ne ya kai a fitar da gawar mace daga ɗakin mijinta, 'yan sanda su cika unguwa? Rasuwar mawaƙiya Osinachi Nwachukwu a Abuja cikin 2022, da hukuncin kisa da kotu ta yanke wa mijinta a 2025, sun isa ishara ga mai cewa a ƙara haƙuri.

Saboda haka lalle ne shugabannin zango su maye gurbin iyayen da ke nesa. Kowane Sarkin Hausawa ya naɗa dattawa, har da mata masu mutunci, waɗanda mace za ta iya kai wa kuka, kuma a tanadi gidan da za ta fake kafin a yi sulhu. Limamai su ɗauki wannan magana a huɗubar Juma'a da wurin ɗaurin aure. Ƙungiyoyin mahauta, da 'yan goro, da direbobi su ja kunnen 'ya'yansu. Iyayen da ke aurar da 'ya zuwa kudu su wakilta mata wani amintacce a garin da za ta zauna. Hukumomin jihohi kuma su ajiye tafinta mai jin Hausa a ofisoshinsu. Inda aka yi rauni ko aka yi barazanar kisa, sulhu ya ƙare, sai asibiti da hukuma.

Amana aka ba miji ranar da aka shafa fatiha. Idan shi ya ci wannan amana, to, haƙƙin ya koma wuyan duk wanda ya ji kuka ta bayan bango ya ja bargo ya rufa.