Masu Goge Mota Sun Fi Mu Ido, Mu Daina Yi Musu Dariya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata ɗabi'a da ta fara yaɗuwa a tsakanin masu abin hawa, musamman matasa, wato sha'awar wanke mota da goge ta ƙal da hannun mai ita.

Wankin da nake nufi ya wuce wanda muka saba, na a watsa ruwa a shafa tsumma a kama hanya. Ina maganar mutumin da zai ware yini guda, ya tanadi sosonsa daban, tsummansa daban, man gogewarsa daban, ya bi motar nan lungu-lungu har cikin ƙafafu da ƙarƙashin kujeru. A Amurka da Turai an daɗe ana yin haka, wasu ma don nishaɗi kawai suke yi ranar hutu, yanzu kuma yaranmu suna kallon su a waya suna koya. Mu a ƙauye in mun ga irin wannan mutum sai mu ce ba shi da aikin yi, wai ya zama bawan mota. To ni ra'ayina ya saɓa da haka. Na lura cewa duk wanda ya daɗe yana wannan aiki, idonsa yakan canza, ya riƙa ganin abin da mu ba ma gani a jikin abin hawa. Wannan idon shi ne talaka ya fi kowa bukata a yau.

Jama'a, mu duba yadda muke kallon mota. In ta wuce sai mu ce kai, wane ya samu, ko mu tambayi nawa aka saye ta. Abin da muke gani shi ne ƙyalli da sunan kamfani. Amma in aka kai mu kara sayen sa na huɗa, ai ba haka muke yi ba. Za mu buɗe bakinsa mu duba haƙori, mu duba kofato, mu sa a ja shi mu ga tafiyarsa, mu shafa bayansa ko akwai tsohon miki. Me ya ba mu wannan ido? Kiwo ne, domin mun taɓa dabba da hannunmu tun muna yara. To haka mai goge mota yake da mota. Hannunsa ya bi kowane saƙo nata, shi ya sa in ya tsaya gaban wata motar yake karanta ta kamar yadda muke karanta sa a kara.

Abu na farko da suke koya shi ne fenti ba abu ɗaya ba ne. Hawa uku ne a kan ƙarfen: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, da na sama mai kama da gilashi wanda shi ne ke ƙyalli yana kare sauran daga rana da ruwa. Duka ukun in an haɗa, kaurinsu bai wuce na takardar littafi guda ba sai da kaɗan. Wanda ya san haka ba zai ɗauki busasshen tsumma ya murje ƙurar hunturu daga jikin mota ba, domin ƙurar nan yashi ce mai laushi, kana murzawa tana kankare wancan hawa na sama. Shi ya sa in ka dubi baƙar mota a rana za ka ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Mafi yawan wannan ɓarna daga wajen wanki take fitowa. Su masu wannan sha'awa bokiti biyu suke ajiyewa, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, su fara daga rufi su gangaro ƙasa, kuma a inuwa, don kada ruwa ya bushe ya bar tabo. Ba sa wanki da Omo ko sabulun wanke-wanke, domin yana cire man da ke kare fentin. Kashin tsuntsu kuwa ba sa barin sa ya kwana, saboda yana cin fenti.

Wani zai ce ina ruwan manomi da fenti? Da ruwansa ƙwarai. Fenti shi ne rigar ƙarfe, in ya yage sai tsatsa. Mu ne muke loda takin zamani a bayan akori-kura da kanta, buhu ya fashe, a bar shi nan damina ta same shi. Taki in ya haɗu da laima cin ƙarfe yake yi kamar gara da itace. Haka ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwanduna a cikin J5, haka fitsarin awaki ranar kasuwa, haka taɓon da ke maƙalewa a ƙarƙashin mota ya riƙe danshi wata da watanni. Mai goge mota ya san duk wuraren da waɗannan abubuwa ke taruwa, domin ya sha kwashe su. Mu kuwa ba ma sani sai ranar da ƙafar fasinja ta burma ta cikin ƙasan mota.

Inda wannan ido ya fi amfani shi ne wajen saye. Kowa ya san halin da muke ciki. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa ba kusa ba. A 2024 dala ta haura naira 1,000 har a farashin gwamnati, kuɗin motar gwanjo da na babur da na kayan gyara duk suka bi ta. Yau ɗan tireda in zai sayi tsohuwar Golf ko babur Boxer, sai ya haɗa amfanin gonar shekara biyu ko uku, wani har da sayar da shanun huɗa. In aka yi masa sakiyar da ba ruwa, gidansa ne gaba ɗaya ya shiga uku.

To ga abin da mai wannan ido yake dubawa, kuma kowa zai iya koya. Yakan tsaya a gefen mota ya kalle ta a karkace da hasken rana, in ƙofa ɗaya ta fi 'yan uwanta haske ko duhu, ya san an sake mata fenti. Yakan duba robar gilashi da bakin ƙofa, domin mai fenti duk iyawarsa yakan bar ɗan feshi a nan. Yakan naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ya bi jikin ƙarfen da shi, inda ya ƙi kamawa sosai, to akwai fila da aka cusa aka rufe wurin da ya lotse. Yakan duba tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da gefe, in wani wuri ya fi wani faɗi, motar ta taɓa cin karo. Sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, domin a ƙasashen sanyi gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cinye ƙasan mota alhali samanta na walƙiya.

Akwai kuma motocin da ruwa ya ci. A 2017 mun ji a rediyo yadda guguwar Harvey ta nutsar da dubban motoci a birnin Houston na Amurka, kuma irin waɗannan motoci akan yi gwanjonsu da araha a fitar da su ƙasashen waje. A nan gida ma, ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ta shanye motoci masu yawa. Motar da ruwa ya ci tana iya tashi lafiya ƙalau ranar saye, bayan 'yan watanni wayoyin wutarta su fara ba da wahala. Wanda ya saba share cikin mota ya san inda laka ke ɓuya. Zai ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya duba ramin safaya, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya ga ko akwai shatin ruwa, ya duba kusoshin kujeru ko sun yi tsatsa. In ya ji an cika motar da turare fiye da kima, sai ya tambayi kansa wane wari ake rufewa.

Har taya ba su bari ba. Mai wanke taya da buroshi shi ne yake ganin tsagewar gefenta da kumburinta tun kafin ta fashe a hanyar kasuwa da mutum goma sha a ciki. Shi ne kuma ya san lambobi huɗun nan da ke jikinta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta sha jan kunnen direbobi a kan tsofaffin tayoyi, amma mu nawa ne muka taɓa durƙusawa muka karanta?

Edita, gaskiya ɗaya ce, masu sukar wannan ɗabi'a su ma suna da abin faɗa. Akwai wanda abin ya shige masa rai har ya riƙa sayen man gogewa mai tsada alhali babu cefane a gida. Akwai wanda maƙwabcinsa zai zo da mara lafiya cikin dare, ya hana mota don kada a ɓata masa kujera. Wannan ya manta cewa mota don mutum aka yi ta, kuma duk ƙyallinta wata rana 'yan jari-bola ne za su auna ta a sikeli. Akwai kuma masu kai mota bakin rafi ko tafkin da dabbobinmu ke sha su wanke inji, baƙin mai ya bi ruwa. Wannan zalunci ne, masu unguwanni su hana. Sannan kada mu manta, ƙyalli ba ya nuna lafiyar inji. Wasu dillalai da wannan gogewar suke rufe aibin mota, don haka ko ka iya duba jiki, ka tafi da bakanike amintacce ya saurari inji da giya. Amma ai wannan ma hujja ce a gare ni, domin wanda ya san yadda ake sa tsohuwar mota ta yi ƙyalli, shi ne ƙyalli ba ya ruɗa.

Saboda haka ina kira ga 'yan uwana manoma da 'yan tireda, ko babur gare ka, ko A Daidaita Sahu, ko keke ma, ka ware rana ɗaya a mako ka wanke shi da hannunka maimakon ka miƙa wa yara. Bokiti biyu da tsumma mai tsabta sun isa. A nan za ka ga notin da ya kwance, da inda mai ke ɗiga, da sarƙar da ta bushe, ka tari abin tun yana na naira ɗari kafin ya zama na dubbai. In ka sauke taki ko tumatir, ka ɗauraye bayan mota a ranar. In kuma za ka sayi abin hawa, ka nemi ɗaya daga cikin yaran nan da muke yi wa dariya ya raka ka, kuma ku je da rana tsaka, kada ku yarda a nuna muku mota da magariba ko tana jiƙe da ruwa.

Ina kuma kira ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa a tashoshinmu da su riƙa koya wa sababbin shiga waɗannan abubuwa, domin rayukan iyalanmu ne suke ɗauka kullum.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya sa albarka a ɗan abin da muka mallaka, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Funtuwa, Jihar Katsina.