Naushin Fage Dabam, Naushin Majigi Dabam

Ga wata magana ina so in kawo gabanku. Na sani waɗansu za su ce, "Ina ruwan malami da dambe, ina kuma ruwan ɗan kasuwa da majigi?" To, ku yi mini haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Yaran da ke shiga wasan nan 'ya'yanmu ne, waɗansu ma daga makarantun allonmu suka tashi, kuɗin da a ke shirya wasan da su kuwa daga kasuwa su ke fitowa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wani abu da na gani da idona. Da kaka, bayan an kawar da gero, waɗansu samari suka zo da na'urorinsu wani fili a bayan gari, suna ɗaukar fim wanda akwai dambe a cikinsa. Aka kawo yara biyu waɗanda ba su taɓa shiga fage ba, aka naɗa musu zare, mai ba da umarni ya ce su bugi juna da gaske don abin ya yi kyau a ido. Aka ɗauka sau ɗaya, ya ce bai yi ba. Aka sake, ya ce bai yi ba. A na uku sai ɗayan ya sami ɗan'uwansa a baki. Haƙora biyu suka fita, leɓe ya tsage, yaron ya zauna a ƙasa ya ɗan jima bai san inda ya ke ba. Aka wanke masa baki, aka ba shi kuɗin mota. A cikin 'yan kallo kuwa akwai wani dattijo mahauci, wanda ya yi tashen dambe a ƙuruciyarsa, yana tsaye yana girgiza kai, ba wanda ya ce da shi uffan. Da muka kama hanya ya ce mini, "Malam, abin da ka gani yau bai kai dambe ba, ya kuma wuce wasa."

Ra'ayina a kan wannan al'amari a taƙaice ya ke. Duk wanda zai sa dambe a cikin fim, abu biyu sun wajaba a kansa. Na ɗaya, kada naushi ko guda na gaske ya sauka a jikin ɗan wasa. Na biyu, lalle 'yan wasan su sami horo na gaske a hannun 'yan dambe na gaske, a kuma biya masu horon haƙƙinsu. Mutanen da na gani sun juya abin baibai, watau sun yi naushin gaske da horon ƙarya.

Bari mu fara da fage. Dambe sana'a ce mai ƙa'ida, wadda mahauta suka fi shahara da ita tun kaka da kakanni. Hannu ɗaya a ke naɗewa, a fara da ƙyalle sa'an nan a bi da zare har ya yi tauri, shi ne mashi. Ɗaya hannun a buɗe ya ke a gaba, shi ne garkuwa, da shi a ke tarewa, da shi kuma a ke auna nisan abokin karawa. Turmi uku a ke yi. In hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada, akwai kalangu da taken kowane gwani, akwai kirari. Wanda ya taɓa jin waƙar Shago ta Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya san darajar da Hausawa suka ba gwanin fage. Amma fa ku lura, ɗan damben ƙwarai ya fi daɗewa yana auna abokinsa bisa ga kai masa hannu. Yana karkace jiki, yana matsawa da ƙafa kaɗan kaɗan, yana kallon kafaɗar wancan. Wannan tsayuwa da wannan haƙuri su ne dambe, ba kuwa a koyonsu da safe a nuna su da la'asar.

To, majigi fa? Masu sana'ar fim na ƙasashen da suka riga mu sun daɗe da gane cewa idon na'ura ba ya iya auna zurfi kamar idon mutumin da ke tsaye a gefen fage. In aka ajiye na'ura a bayan kafaɗar mai naushi, hannunsa yana iya wucewa da tazarar taƙi guda daga fuskar abokinsa, mai kallo kuwa ya rantse ya same shi. Rabin aikin yana ga mai karɓa: shi zai juya kai daidai lokacin da hannu ya gifta, ya saki gwiwa, ya faɗi yadda aka koya masa. Ƙarar naushin kuma daga baya a ke sa ta. Kowane motsi ƙidayayye ne. A kan fara yinsa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, sa'an nan a ƙara sauri, har jiki ya hardace shi kamar yadda almajiri ke maimaita allonsa kafin ya wanke.

Ga misalai don kada a ce zancen baka ne. A Amurka, a fim ɗin Rocky na 1976, Silbesta Sitalon, wanda yaranmu suka fi sani da Rambo, ya rubuta damben ƙarshe a takarda, naushi bayan naushi, shi da abokin wasansa suka yi makonni suna maimaitawa kafin ranar ɗauka. A fim ɗin Raging Bull na 1980, Robat Di Niro ya yi watanni yana horo a hannun Jek Lamota, tsohon zakaran duniya wanda labarinsa a ke bayarwa. An yi wajen mako 10 ana ɗaukar damben da a cikin fim bai fi na 'yan mintoci ba, ƙarar naushin kuwa har da fasa kankana da tumatir aka haɗa ta. A Indiya, fim ɗin Dangal na 2016 labarin kokawa ne, kuma ƙwararren mai horar da 'yan kokawa aka ɗauko ya yi watanni yana koya wa 'yan wasan. Har wa yau ga misalin abin da ke faruwa in aka saɓa ƙa'ida. Sitalon da bakinsa ya ba da labari cewa wajen shirya Rocky na huɗu, wanda ya fito a 1985, ya nemi abokin wasansa ya buge shi da gaske. Naushi ya same shi a ƙirji, zuciyarsa ta kumbura, ya yi kwanaki a asibiti. Mutum ne mai horo, mai dukiya, ga likitoci kusa. Ina ga yaronmu da aka ba kuɗin mota?

Mu kuwa a nan, tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ta bunƙasa ƙwarai. Amma in an zo wajen faɗa, sau da yawa kwaikwayon na Sin da na Indiya a ke yi, a yi ta tsalle ana dukan iska, alhali ga namu a ƙofar gida. Fim ɗin Karen Bana, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, ya nuna cewa dambe yana iya ɗaukar labari tun daga farko har ƙarshe, jama'a kuma su karɓa. Yanzu da kowane yaro ke da na'urar ɗauka a aljihunsa, masu shirya ƙananan finafinai sun yawaita a garuruwanmu, saboda haka haɗarin ma ya yawaita.

Na san za a kawo mini suka iri uku, bari in amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Waɗansu daga cikin malamai za su ce, ai naushin da bai sauka ba aka nuna kamar ya sauka, yaudara ce. Allah ya gafarta malam, yaudara sai inda wanda a ke nuna wa bai sani ba. Yaron da ya manna gemun auduga a lokacin tashe, ba wanda ya ce ya yi ƙaryar tsufa, domin kowa ya san wasa ne. Ban zo in yanke hukunci a kan dambe kansa ba. Malamai suna da maganarsu a kan dukan fuska, da layu, da cacar da ke raɓar fage, ba kuwa ni zan koya musu ba. Abin da na ke cewa shi ne, shiryayyen dambe ya kawar da dukan fuskar ɗungum. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana irin lahanin da yawan duka a ka ke yi wa ƙwaƙwalwar 'yan dambe, watau rawar jiki da nauyin harshe da raunin hankali. Wanda ya hana a bugi kan yaro saboda hoto, ya yi aikin kiyaye rai da hankali.

'Yan kasuwa kuma za su ce, horon wata biyu ko uku tsada ne, riba za ta ragu. Alhaji, zo mu yi lissafi. Wanda ya karanta Risala ya san diyyar haƙori ɗaya raƙuma 5 ce, ta yatsa ɗaya kuwa raƙuma 10. Yaron da na ba ku labarinsa haƙora biyu ya rasa. A je kasuwar Maigatari a taya raƙumi guda, a ninka sau goma, sa'an nan a gwada da ladan mai horo na wata uku, a ga wanne ya fi arha. Cewa ba wanda ya kai ƙara bai sauke nauyin ba, jinkirta shi kurum ya yi. Ban da wannan ma, ɗan wasan da ya ji rauni ran farko ya tsai da aiki duka, ga hayar na'ura tana tafiya, ga abincin ma'aikata. Kuma mai saye ba makaho ba ne. Mutumin Roni ko na Gwiwa da ya tashi yana kallon dambe kowace kaka, da ya ga tsayuwar ɗan wasa zai gane ko ya taɓa sa zare. Kayan jabu ba su daɗewa a rumfa.

Samari su ma za su ce, mu maza ne, ba mu tsoron naushi. Yarana, ba a ce ku raggaye ne ba. Ɗan dambe a fage turmi uku ya ke yi ya tafi gida ya huta. Ɗan wasan fim kuwa yana iya maimaita motsi ɗaya sau ashirin a yini, ba kuwa wuyan da zai ɗauki naushi ashirin ya kwana lafiya. Jaruntar ɗan wasa tana ga tashi da asuba ya yi gudu, ya ƙarfafa wuya da ƙafa, ya koyi faɗuwa, ya kuma iya tsai da hannunsa a daidai inda aka ce ya tsaya. Tsai da hannu ya fi sakinsa wuya.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo. Mai shirya fim ya nemi tsohon ɗan dambe tun kafin ya nemi na'ura. Ba su da wuyar samu: a tambayi Sarkin Fawa na kowane gari daga Kazaure har Babura, zai nuna su. A ba shi 'yan wasa wata biyu ko uku, ya koya musu tsayuwa, da riƙon garkuwa, da naɗin zare, da ladabin shiga fage. Sa'an nan shi da mai ba da umarni su zauna su tsara damben motsi bayan motsi, a rubuta, domin ɗan dambe ya san abin da ke gaskiya, mai na'ura kuma ya san abin da idonta ke gani, kowannensu yana bukatar ɗan'uwansa. A sa auduga ko soso a ƙarƙashin zaren ɗauka don ko an yi kuskure. A share fili daga duwatsu, kada kuma a ɗauka da tsakar rana a cikin bazara. A ajiye ma'aikacin lafiya a wurin, wanda kuwa ya sami bugu a ka, ya gama aikin ranar nan. A rubuta yarjejeniya da shaidu a kan wanda zai ɗauki nauyin magani, a nan ne malamai za su taimaka, tun da su a ke kira shaidar ciniki da haya. A ƙarshe, a rubuta sunan mai horo a cikin fim kamar yadda a ke rubuta na mawaƙi.

Ga 'yan kasuwa masu zuba jari, ku sa wannan ya zama sharaɗi kafin ku buɗe jaka. Ga iyaye da malamai, in yaro ya zo neman izinin shiga irin wannan wasa, ku tambaye shi wa zai horar da shi, wa kuma zai biya in ya ji ciwo. In ba amsa, to, ba izini.

Dattijon nan mahauci yana nan da ransa, irinsa kuma suna nan a garuruwanmu, suna tsufa da ilmin da ba a rubuta shi a ko'ina ba. In an ɗauke su aiki, sun sami abin sawa a bakin salati, yaranmu sun tsira da haƙoransu, jikokinmu kuma za su ga dambe yadda ya ke. Wanda ke da wani ra'ayi dabam, ya rubuto mu ji hujjarsa. Allah ya sa mu dace. Wassalam.