Kilomita Biyar na Ƙarshe: Tafiya Zuwa Garin da Ba Ya Karɓar Mota

A kudancin ƙasar Suwizalan, cikin jihar Valais, akwai wani gari mai suna Zermatt wanda mazaunansa kimanin dubu shida ne. Garin yana kwance a ƙarshen wani dogon kwari, a tudun da ya kai mita 1,600 daga bakin teku, wato kusan daidai da tsaunin Mambila. A samansa dutsen Matterhorn ke tsaye, mai tsawon mita 4,478. Mutane daga sassan duniya suna tururuwa zuwa can domin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma duk wanda ya je yakan koma gida da labari guda: ba a shiga garin da mota. Wannan doka ta cancanci yabo, sai dai yabon da ake yi mata ya fi ƙarfin aikinta. Za a gane haka idan aka bi tafiyar tun daga farkonta.

Baƙon da ya taso daga nesa yakan sauka ne a filin jirgin saman Zurik ko na Janeba. Duka filayen biyu suna da tashar jirgin ƙasa a jikinsu, don haka daga wurin karɓar kaya sai dandamalin jirgi, ba sai an nemi tasi ba. Daga Zurik tafiyar kimanin sa'a uku da rabi ce, daga Janeba kuwa kusan sa'a huɗu. Wanda ya biyo ta Zurik zai ratsa ramin Lötschberg, hanyar dogo mai tsawon kusan kilomita 35 da aka haƙa a ƙarƙashin duwatsu aka buɗe a 2007, wadda ta rage wa tafiyar kimanin sa'a guda. Ko ta ina aka biyo, a garin Visp ake canja jirgi.

Dalilin canjin shi ne, daga Visp hawa ne zalla. Cikin tazarar kilomita 35 jirgin zai ɗaga kusan mita dubu. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da riƙo sosai, idan hawa ya yi tsanani sai ta dinga sulɓewa. Saboda haka a wuraren da suka fi tsayi an shimfiɗa wani ƙarfe mai haƙora a tsakiyar layin, jirgin kuma yana da wata ƙafa mai haƙora da ke cizonsa tana jan kanta sama. An buɗe wannan layi a 1891, kafin mota ta zama abin hawan kowa, kuma wajen 1930 aka mayar da shi na lantarki.

Mai mota kuwa tafiyarsa takan ƙare a ƙauyen Täsch, kilomita biyar kafin Zermatt. Akwai ginin ajiye motoci mai ɗaukar fiye da dubu biyu. Nan zai kulle motarsa, ya ɗora kayansa a amalanke, ya shiga jirgin da ke tashi kowane minti ashirin, cikin minti goma sha biyu ya isa. A cikin garin sai tafiyar ƙafa, ko ƙananan motocin lantarki masu kama da akwati waɗanda ba sa gudu, ko keken doki na wasu manyan otal-otal. An keɓe motar asibiti da ta kashe gobara da makamantansu daga dokar.

To mene ne ribar wannan wahala? Amsar tana cikin yadda iska ke zama a kwari. A bisa al'ada, iska tana ƙara sanyi ne yayin da ake hawa sama, kimanin digiri shida da rabi a kowace kilomita. Iskar ƙasa mai ɗumi takan tashi, ta tafi da hayaƙi. Amma a daren hunturu mai sararin samaniya, iska mai sanyi, da yake ta fi nauyi, takan gangaro daga duwatsu ta taru a gindin kwari, mai ɗumi ta zauna a kanta kamar murfin tukunya. Duk abin da aka ƙona a ƙasa, nan zai tsaya. Wanda ya taɓa ganin yadda hayaƙin girki ke kwanciya a kan unguwa da asubahin sanyi, ya ƙi tashi sai rana ta ɗaga, ya ga ƙaramin misalin abin. A kwari mai zurfi kuwa, inda duwatsu ke tare hasken rana, murfin yakan yi kwanaki bai buɗe ba.

Hayaƙin injin da aka kulle a irin wannan wuri yana ɗauke da iskar nitirojin okzayid da ƙananan ƙwayoyin toka. Mafi ƙanƙanta a cikinsu suna wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro, su isa can cikin huhu inda jini ke karɓar oksijin. Sanyi kuma dama yana tsuke hanyoyin numfashin mai ciwon asma. Bugu da ƙari, sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye na hasken rana, amma da zarar baƙin toka ya sauka a kanta sai ta fara shan zafi, ta narke da wuri. Garin da abincinsa ya rataya a kan farar ƙanƙara da tsabtatacciyar iska ba zai yi wasa da wannan ba. Zermatt ma ya taɓa ɗanɗana kuɗar sakaci da tsabta: a 1963 zazzaɓin taifot ya ɓarke a garin ta hanyar ruwan sha, ya kama mutum fiye da 400 ana tsakiyar lokacin baƙi.

Har ila yau, kwarin ba shi da fili. Duk taƙin da aka ba titi da wurin ajiye mota, an ƙwace shi ne daga makiyaya ko daga dajin da ke tare zaftarewar ƙanƙara. Tsiron tudu kuwa ba ya gaggawa, domin 'yan makonni kawai yake samu na girma a shekara, abin da aka tuge a yini guda sai ya ɗauki shekaru masu yawa bai dawo ba.

Wannan duk gaskiya ne, kuma ya isa hujja. Abin da ya kamata sauran garuruwa su lura da shi shi ne, hanin bai zo shi kaɗai ba. An hana mota ne a wurin da jirgi ya riga ya zauna, yana zuwa a kan lokaci, yana ɗaukar mutum da kayansa tun daga ƙofar filin jirgin sama. Hani ba tare da madadi ba zalunci ne ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba ya ɗorewa. Ko a nan ɗin ma akwai masu ɗaukar nauyin tsarin: da yawa daga ma'aikatan otal-otal, ciki har da 'yan ci-rani daga Fotugal, a Täsch suke kwana saboda tsadar haya, su ne ke cika jirgin asuba.

Sai dai kuma akwai lissafin da ba a cika yi ba. A ɗauki baƙon da ya taso daga birnin New York na Amurka. Tsakaninsa da Zurik akwai kimanin kilomita 6,300, zuwa da dawowa 12,600. Jirgin sama na zamani, idan ya cika, yana ƙona kusan lita uku na mai a kan kowane fasinja a kowace kilomita ɗari. Rabon wannan baƙo ke nan ya doshi lita 380. Kowace lita tana fitar da kimanin kilo biyu da rabi na iskar kabon dayokzayid, jimilla kusan tan guda. Man da motarsa za ta sha tsakanin Täsch da Zermatt, zuwa da dawowa, bai kai lita ɗaya ba. An tare ƙofa an hana kaza shiga, alhali raƙumi ya riga ya shigo ta baya.

Bambancin yana cikin halin iskokin biyu. Toka da nitirojin okzayid cutarsu ta kusa ce, ruwan sama da iska kan wanke su cikin 'yan kwanaki, don haka dokar gari guda tana iya maganinsu. Kabon dayokzayid kuwa ba ta san iyaka ba. Tana gaurayuwa da iskar duniya baki ɗaya, wani kaso nata ya yi ɗaruruwan shekaru yana riƙe zafi. Wadda aka fitar a kan tekun Atilantika tana aiki a kan Matterhorn daidai da wadda aka fitar a gindinsa.

Alamun sun riga sun bayyana a kan dutsen. Daskararrun kogunan ƙanƙara na Suwizalan sun yi asarar kashi goma cikin ɗari na girmansu a shekaru biyu kacal, 2022 da 2023. A bazarar 2022 dole aka dakatar da wasan zamiya a saman Zermatt, wurin da ke alfahari da cewa ana yin wasan duk shekara. A 2023 ƙanƙarar Theodul da ke narkewa ta fito da gawar wani Bajamushe mai hawan dutse da ya ɓata tun 1986. Narkewar ta kai har ta gusar da layin da ya raba Suwizalan da Italiya a wannan yanki, sai da ƙasashen biyu suka zauna sake shata iyaka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da tashar Täsch za ta iya hanawa.

Wani zai ce ai baƙon da ya taso daga Amurka ko Japan ba shi da wata hanya sai jirgin sama. Haka ne. Amma baƙi da yawa daga maƙwabta suke zuwa, kuma layin dogon da ya kai Visp bai tsaya a filin jirgin sama ba. Daga Paris zuwa Janeba sa'a uku ce da 'yan mintuna a jirgin ƙasa. Daga Milan ana bi ta ramin Simplon, wanda aka buɗe tun 1906, a isa Brig cikin kimanin sa'a biyu, daga nan kuma Visp 'yan mintuna ne. Fiye da rabin lantarkin Suwizalan daga madatsun ruwa yake fitowa, don haka jirgin da ke tafiya da shi hayaƙinsa kaɗan ne. Faransa ta gwada wani mataki a 2023, inda ta hana wasu jiragen sama na cikin gida a hanyoyin da jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da sa'a biyu da rabi. Hanyoyi uku kacal dokar ta shafa, amma ta nuna cewa gwamnati tana iya sa hannu a farkon tafiya, ba a ƙarshenta kawai ba.

A nan ne ake sa ran garuruwa irin su Zermatt su yi abin da ya fi rataya allon hana mota. Suna iya sauƙaƙa farashin masauki da tikitin hawa dutse ga wanda ya zo da jirgin ƙasa tun daga gidansa, su kuma ƙarfafa wa mai zuwa daga nesa ya zo sau ɗaya ya daɗe, maimakon zuwan kwana uku-uku. Suna kuma iya duba wata ƙofa da dokar ta bari a buɗe. Attajirin da ba ya son jiran jirgi a Visp yana iya hayar jirgi mai saukar ungulu daga filin jirgin sama, ya tsallake Täsch da motocin da aka kulle a can, ya sauka a bakin garin da ba a shiga da mota.