FILIN MATA: Kek Mai Biskit A Tukunyar Yashi

 

Zancenmu na wannan mako na kek ne, kuma wata maƙwabciyata ce a nan Mahuta ta jawo shi. Ranar wata Asabar da hantsi ta shigo ta iske ni ina wanki, ta zauna a bakin tabarma ta yi shiru. Na ce, "Yaya, lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya lau Malama, auta ce ta hana ni barci." Ashe yarinyar za ta cika shekara goma, ta kuwa je gidan wata 'yar ajinsu a Barnawa ta ga an yanka wani farin kek mai ɗigo-ɗigon baƙi, kamar an barbaɗa masa gawayi. Tun daga ranar ba ta da magana sai tasa. Uwar ta tafi Sabon Tasha wurin masu yi na sayarwa, kuɗin da aka yanka mata ya fi cefanen gidanta na mako guda. Har ta yi niyya ta roƙi uwar adashi ta ba ta kwasa tun lokacinta bai yi ba.

Na ce mata kada ta soma. Kuɗin adashin nan ni na san abin da ta ke tara su dominsa, watau kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa. Ta ce, "To ya zan yi? Ba ni da obin, wutar lantarki kuwa kin san halinta." Na ce, "Kina da tsohuwar tukunya? Kina da gawayi? To, kek ya samu." Abin dariya ne dai, muna zaune a gefen matatar mai amma gawayi ne gatanmu. Abin da muka yi ni da ita shi zan bayyana muku daki-daki. Na san akwai gidajen da ba a bikin ranar haihuwa, to wannan kek ba ya zaɓen rana. Ya yi wa walimar sauka, ya yi wa suna, da Salla, da Kirsimeti.

Asalin abin daga Amurka ya ke. Akwai wani baƙin biskit falle biyu mai farin kirim a tsakiya, sunansa Oreo, wanda kamfanin Nabisco ya fara yi a birnin New York a 1912. Wani mai suna Hydrox ya riga shi fitowa tun 1908, amma na bayan ya shafe na farko. Wajen ƙarshen shekarun 1970 masu yin askirim a can suka fara farfasa shi suna zubawa a ciki, daga nan masu kek suka ɗauka. Baƙin nan ba ƙonewa ba ne. Garin koko ne, ba kokon da mu ke sha da ƙosai ba, na cakulan wanda a ke nomawa a Ondo da Kuros Riba. A kan gyara shi da wani sinadari dangin kanwa, shi ya sa ya ke yin duhu, ɗacinsa kuma ya ragu. Wani abu da ya kamata ku sani: dā akwai kitsen alade a cikin farin kirim na Amurka, sai a shekarun 1990 kamfanin ya daina, ya koma man tsirrai. Duk da haka ku riƙa karanta bayan leda kafin ku biya, ku duba abin da aka haɗa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Ba dole sai Oreo ba. Kowane baƙin biskit mai kirim a tsakiya zai yi, kamfanonin ƙasar nan ma suna yin irinsa da sauƙin kuɗi.

Ga kayan da za ki tanada. Ma'auninmu gwangwanin madarar ruwa ne, a shafe bakinsa da wuƙa, kada a yi masa tozo.

Fulawa gwangwani 3 (wajen giram 250).
Sukari gwangwani 1 da rabi.
Bota giram 250, watau ƙaramar leda guda.
Ƙwai 5 matsakaita.
Bekin foda cokalin shayi 2 da rabi.
Madarar ruwa babban cokali 3.
Biskit 22: 12 na cikin kwaɓi, 6 na shafi, 4 na ado.
Gishiri ɗan tsinke, da ɗigon banila in akwai.

Na shafin sama kuma, bota giram 125 da garin sukari mai laushi na aisin gwangwani 3. Masu karatun girki za su lura na rage sukarin kwaɓi, domin ƙa'ida ita ce nauyinsa ya yi daidai da na bota. Da gangan na yi, biskit ɗin kansa zaƙi ne da shi.

Kafin ki taɓa kome, gwada bekin fodarki. Ɗebi rabin cokali ki zuba a ruwan zafi. In ya taso da kumfa yana shuu, tana da rai. In ya kwanta shiru, zubar, ta sha iska. Kada kuma ki ce kanwa za ta maye gurbinta, kek zai yi ɗaci. A kwalejin horon malamai aka koya mana cewa wani mai haɗa magani a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, shi ya ƙago wannan hoda a 1843, saboda matarsa ba ta iya cin abin da aka sa wa yis. Allah ya ba mu masu gida irinsa.

Yanzu sai aiki. Zuba bota da sukari a kwano mai zurfi, ki sa muciya ko cokalin katako ki yi ta bugu. Nan ne wahalar ta ke, kuma nan ne kek ya ke gyaruwa ko ya ɓaci. Mata da yawa su kan buga minti biyar su ce ya isa. Bai isa ba. Ƙwayoyin sukari su ne ke huda bota su cusa mata iska, iskar nan kuwa ita ce za ta kumbura a wuta ta ba kek laushi. Bekin foda faɗaɗa ramukan kawai ta ke yi, ba ta haƙa sababbi. Saboda haka ki ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, har launinsa ya tashi daga rawaya ya koma fari-fari, ya yi sakayau kamar auduga. Ranar da muka yi namu, karɓa-karɓa muka yi mu uku har da mai bikin. 'Yan makaranta, ga inda za ku taimaki iyayenku. Da hunturu bota ta kan daskare, sai a ajiye ta kusa da murhu ta saki, amma kada ta narke ta zama mai, domin narkakkiyar bota ba ta riƙe iska.

Sa'an nan ƙwai. Fasa kowanne a kofi dabam tukuna, kada ɓara-gurbi guda ya jawo miki hasarar kwano duka. Zuba ɗaya, buga ya ɓace, kana ki ƙara wani. In kin ga kwaɓin ya tsinke kamar nono ya yi tsami, kada ki tsorata, barbaɗa cokali guda na fulawa ki ci gaba.

Tankaɗe fulawa da bekin foda da gishiri tare sau biyu. Daga nan an gama bugu. Zuba garin kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama, ki sa madara a tsakani. In kin tuƙa shi kamar tuwo zai yi danƙo ya yi tauri, ki fid da burodi maimakon kek.

Biskit goma sha biyun nan da hannu za ki karya su, kowanne gida huɗu ko shida. Kada ki daka. Ki ba su ɗan cokalin fulawa su yi wanka a ciki don kada su nutse ƙasa, ki zuba su daga ƙarshe, juyi uku ko huɗu ki tsaya. In kin daka su, ko kin bar su sun jiƙa a kwaɓi, kek zai fito ruwan toka gaba ɗaya. Zai ciwu, amma ɗigon nan da yarinya ta gani ta ƙwallafa rai ya tafi.

To, ga maganar tukunya. Tun kina tsakiyar bugu ki sa a hura gawayi. Samu babbar tsohuwar tukunya mai murfi da ke rufuwa sosai, wadda ba kya jin ciwon ta yi baƙi. Zuba mata yashi mai tsabta, wankakke busasshe, kaurin yatsu uku. Ɗora duwatsu ƙanana uku a kai, ko gwangwanaye marasa fenti, don kwanon kek ya zauna a sama kada ya taɓa yashin. Rufe ki bar ta minti goma sha biyar ta ɗauki zafi. Masu obin su kan sa nasu a digiri 180. Mu da ba mu da ma'auni, sai ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki sa a ciki. In ta yi ja-ja kamar soyayyar gyaɗa cikin minti biyar, zafi ya yi daidai. In ta yi baƙi, rage garwashi. In ta zauna fara, ƙara. Kuma ina roƙonku, a tsakar gida za a yi wannan aiki ko a madafa mai iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta kuwa kashe mutane da yawa cikin barci.

Kwanon gashi mai faɗin inci tara ya isa. Shafe shi da bota, ki shimfiɗa farar takarda a gindinsa. Ban da jarida, ko da wannan tamu ce, tawada ba abinci ba ce. Zuba kwaɓin kada ya wuce kashi biyu cikin uku na kwanon, ki sa a tukunya ki rufe. Bayan rabin sa'a ɗora garwashi huɗu ko biyar a kan murfin don sama ta gasu.

Abin da zan fi ja muku kunne a kai shi ne buɗe murfi. Kek ɗina na farko ina ɗaliba na yi shi, ƙamshi ya dame ni, na leƙa tun bai yi minti ashirin ba. Na gan shi ya taso gwanin kyau, na kira ƙawayena su gani. Kafin su iso tsakiyarsa ta lotsa kamar an zauna a kai. Dalili kuwa, a lokacin iska ce kaɗai ke riƙe da shi, ƙwai da fulawa ba su kama jikinsu ba, da sanyi ya shiga sai ya faɗi, ba ya kuma sake tashi. Ki ba shi minti arba'in cur ba leƙe. Bayan haka soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito a bushe ya nuna, in da kwaɓi a jikinsa rufe ki ƙara minti goma. Yawanci sa'a guda ta kan ishe shi. Ki lura, in tsinken ya faɗa kan biskit zai fito da baƙi, wannan ba ɗanye ba ne, sake sokawa a gefe.

Sauke, ki bar shi minti goma a kwano, kana ki kife shi a kan faifai ko rariya ya sha iska. Sai ya huce sarai, har gindinsa, kafin a shafa masa kome. Shawarata a gasa da yamma, a yi ado da safe.

Shafin ba wuya. Buga bota ita kaɗai har ta yi fari, ki riƙa zuba garin sukarin kaɗan-kaɗan, da cokali guda na madara. Biskit shidan nan su ne za ki daka lukui a leda da kwalba, ki juya a ciki. Waɗanda suka yi wa maƙwabciyata ciniki da kirim mai kumfa su ke yin nasu, yana da kyaun gani, amma ba ya rayuwa sai a firji. Na bota ya fi haƙuri, ko da ya ke shi ma yana da iyaka. Bota ta kan fara narkewa in zafi ya haura digiri 32, Kaduna kuwa a watan Maris da Afrilu ta kan wuce haka da rana. In bikinki ya faɗo a bazara, yi shafin da asuba, ki sa a yanka kafin azahar ko a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi kusa da randa. Shafa da bayan wuƙa, in ta fara kamawa tsoma ta a ruwan ɗumi ki goge. Raba biskit huɗun da suka rage biyu-biyu ki kafa su a sama. Saboda kiyashi kuwa, ɗora farantin a kan kofi, kofin a cikin tire mai ruwa.

Namu bai fito kamar na kanti ba, gaskiya. Gefe guda ya fi ɗaya tudu, domin murhun Yaya a karkace ya ke, sai muka cike wajen da shafi. Yara goma sha huɗu suka ci, aka aika wa maigidan da nasa, kayan duka kuwa ba su kai rabin kuɗin da aka yanka mata ba. Mai bikin ta bi kowa tana cewa ita ta buga botar da hannunta. Adashin Yaya yana nan sai lokacinsa.

Wanda ya rage a rufe shi da kwano, zai kwana biyu lafiya, da hunturu har uku. Yashin kuma kada ki zubar, juye shi a gwangwani ki ajiye, zai yi miki gashi da yawa nan gaba. Wadda ta gwada nata ya lotsa ko ya ƙone, ta rubuto mini yadda ta yi tun daga farko, mu duba inda aka kuskure. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.