Wa Ke Riƙe da Gidan Masunci?

A makon nan aka sake faɗa mini maganar da na tsani ji, wai matar masunci ba ta da sana'a, miji ne mai nema. Mai maganar ɗan boko ne, kuma bandar kifin da ake sa masa a miya a nan Kontagora, mace ce ta kyafe ta.

Su sana'a ce ta yau akwai, gobe babu. Idan tafkin Kainji ya cika ya bazu, kifi watsewa yake yi. Mutum ya kwana a kan ruwa ya dawo da abin da bai kai kuɗin mai ba, balle tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ranar da aka yi kamu kuwa, kifi ba ya jira. Babu ƙanƙara, babu lantarki a ƙauyukan bakin ruwa, alhali madatsar Kainji tana ba ƙasa wuta tun 1968.

To, wa ke tare wannan asara? Matar masunci ce ke feɗe tarwaɗa da karfasa, ta nemo itace, ta jera su a kan banda, ta wuni tana juyawa hayaƙi na cin idonta. Ita ke adana kifin har ranar kasuwar Yawuri ko Malale, lokacin da zai yi daraja. Daga ciki take zuba adashe, ta sayi 'yar akuya, ta ajiye buhun dawa. Taru ya yage, ita ke ranta wa maigida. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, akuyar nan ake kai wa kasuwa. Na sani, namiji ma yana sayar da ransa a kwalekwale.



Abin kunya ne a ce cibiyar binciken kifi ta ƙasa tana New Bussa, ta ƙera murhun banda na zamani, amma matan da ke maƙwabtaka da ita suna makancewa a kan tsohuwar ganga. Gwamnatin Neja, idan za ki rubuta sunayen masunta don rance ko tallafi, ki aika ma'aikata mata su shiga gidaje su rubuta masu banda da sunayensu, a damƙa musu kuɗin hannu da hannu, ba ta hannun shugaban ƙungiya ba.