Malamin Turanci da ya buɗe gidan silima

Ana yawan ɗaukar malamin da hankalinsa ya rarrabu a kan abubuwa iri-iri a matsayin mara natsuwa, amma ni ina ganin a wajen koyar da harshe wannan rarrabuwar jari ce. James Joyce, mutumin Dublin, ya koyar da Turanci a makarantar Berlitz ta Trieste tun daga 1905. Tun yana saurayi ya koyi yaren Norway don ya karanta rubuce-rubucen Ibsen daga tushe, Italiyanci yake yi da 'ya'yansa a gida, mawaƙi ne mai zaƙin murya, har gidan silima mai suna Volta ya buɗe a Dublin a 1909. Za a ce ai silimar ba ta yi riba ba, kuma bashi bai taɓa barinsa ba. Haka ne, sai dai wannan laifin aljihunsa ne. Ɗalibi ba ya iya harshe sai an ba shi abin da zai yi magana a kansa, malami mai yawan sha'awa kuwa ba ya rasa zance. Cikin hirar darasi ne Joyce ya gano cewa ɗalibinsa Italo Svevo, ɗan kasuwar fenti, marubuci ne da aka yi watsi da littattafansa, ya ƙarfafa masa gwiwa, daga baya ya tallata shi a Faransa.